Mai Makulli da 'Yar da Bai Haifa Ba

Duk layin Mai Makulli ake kiransa, har 'ya'yansa ma in za su yi wa baƙo kwatancen gida haka suke cewa. Shagon nasa a jikin gidan yake. Ɗakin gaba ne ya fasa wa ƙofa ta titi tun lokacin da yake da ƙarfin ɗaga guduma. In ka tsaya a tsakiya ka miƙa hannuwa, sai ka taɓa bangon dama da na hagu. Bangon ƙurya kuwa ba a ganinsa, makullai sun rufe shi, rataye a ƙusoshi, na kwaɗo daban, na kubar ƙofa daban, na mota daban, duk ba a fitar musu da haƙora ba tukuna. Su yake ce wa ɗanyu. A kan benci akwai injin yanka, da magagarai manya da ƙanana, da wani buroshin haƙori da ya tsufa a aikin share garin ƙarfe.

Yakan ce shi bai taɓa tambayar mutum ƙofar da zai buɗe ba. Da baki kam bai taɓa ba. Amma yana kallon inda ake ajiye sabon makulli. Magidancin da ya haɗa shi da sauran a zobe ɗaya, gidansa zai kai. Wanda ya waiwayi titi sannan ya cusa shi can ƙasan aljihun ciki, wannan sai dai Allah ya kyauta. Uwar da ta zo da ɗan ƙaramin makullin durowa tana cewa a yi maza kafin a taso daga makaranta, ba sai an gaya masa durowar wa za a bincika ba. Duka yana yanka musu, ya hure garin, ya miƙa. Ya san sirrin rabin unguwar, kuma abin da ya sa ake dawowa wurinsa shi ne fuskarsa ba ta nuna ta sani.

Mace ɗaya ya taɓa aura. Ya same ta mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya wadda ko tafiya ba ta gama iyawa ba. Ranar da suka zo gidan, yarinyar ta kama masa yatsa ta ƙi saki, shi ke nan. Daga baya matar ta haifa masa maza biyu, amma yarinyar ce babba a gidan, ita ake ce wa Yaya. Akwai ranar da ƙanwarsa ta zo ziyara, tana raba tsaraba, ta ce, "Ga na agolarka." Bai ɗaga murya ba. Ya tattara tsarabar duka, har ta yaran da ya haifa, ya mayar mata cikin jaka, ya raka ta bakin titi. Sai da manya suka sa baki kafin ta sake taka gidan. Tun daga nan kalmar ta mutu a bakin kowa. Kowa ya san zancen, ita ma yarinyar ta sani, amma sani ne irin na tabon da riga ta rufe.

Cikin mazan biyu ba wanda ya zauna a benci. Babban ya bi manyan motoci, ya zama Direba. Auta ya yi karatu, yana aiki a wani kantin magani can ɗaya gefen gari. Yarinyar ce ta liƙe wa shagon. Da hagu take yin komai, har sai da ya kwance abin matse ƙarfe daga wannan gefen benci ya mayar da shi wancan saboda ita. Daga nan sunan Bahaguwa ya bi ta, shi kuma ya rage shi ya koma Hagu. Ta yi aure, mijinta mai gyaran firji ne, ta haifi nata 'ya'yan, uwarta ta rasu, amma kullum da safe in ta sallami yara sai ga ta da ƙaramar jakarta. Yanzu ita ma furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali. Hannun tsohon ya fara rawa, don haka aikin inji da na magagari ya koma wurinta. Shi nasa gaisuwa ce, da labari, da aikin waje. In aka kira a canza kuba, yakan rataya jakar kayan aiki ya tafi, don wannan hannunsa ya haddace.

Wata rana da rana tsaka, titi ba kowa, ya zare makullin shagon daga zobensa ya ajiye a gabanta.

"Riƙe, Hagu. Shagon nan naki ne, ko bayan raina."

Ta ce, "Allah ya ja kwana, Baba." Ta jefa shi a jaka, ta ci gaba da goge abin da take gogewa.

Ya ji daɗin kansa ƙwarai a ranar. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne yadda ya zaɓi lokacin. Ya jira sai da mai kawo kaya ya tafi, sai da maƙwabcinsa Mai Aski ya tada injin askinsa, sannan ya yi maganar, can ƙasa-ƙasa, kamar mai miƙa kayan sata.

Shi Mai Aski abokinsa ne tun suna samari, kuma shi kaɗai ke gaya masa magana son ransa. Da labarin ya fito daga baya, yana cikin yi masa gyaran fuska, sai ya tsayar da reza.

"Wa ya ji?"

"Ita ta ji."

"Ita da wa?"

"Da Allah."

"Allah ya ji, ba musu. Amma ranar rabo mutane ake tambaya. Ka rubuta, tsoho."

"Wa kake ce wa tsoho? Kai da ka riga ni zubar da haƙora."

"Ni ba ni da abin bari sai almakashi da kujerar nan mai gurguwar ƙafa, kuma su ma na rubuta. Kai fa, mai gida a bakin titi?"

"Rubuta wasiyya ai kiran mutuwa ne. Ina zaman zamana."

"To ni da na rubuta ga ni ina aske ka. Daina motsi, kar ta zo ba ka kira ta ba."

Ba mutuwa yake tsoro ba. Mutumin da ke zancen mutuwarsa kamar zancen ruwan sama, ba ita ke hana shi barci ba. Ya faɗi haka ne don amsa ce da mutane suka saba karɓa ba su ƙara tambaya ba. Gaskiyar ita ce ya san ƙa'idar. Ba a yi wa magaji wasiyya. Ɗan da ka haifa rabonsa na jiransa, ko kana so ko ba ka so. Wanda ake rubuta wa shi ne wanda gado ba zai kai gare shi ba. Duk takardar da za ta ba Bahaguwa shagon, sai ta fara da faɗin abin da ya kori ƙanwarsa a kai. Makulli kuwa ba ya magana. Akwai kuma wani dalilin, ƙarami, wanda ba shi da kyan gani. Yana son yadda Direba ke shigowa da leda a hannu yana "Baba, Baba," kuma bai san yadda wannan fuskar za ta koma ba in ta ji an yanki wani abu daga jikin gidan.

Ana nan, sai wani magidanci ya zo da mota ya ce a canza masa kubar ƙofofin gida duka. Mai Makulli ya san irin aikin. Mafi yawan aikin waje na masu sana'arsa bayan makoki yake zuwa. Da an kwashe kujerun masu gaisuwa, sai a neme su. Ya ma san gidan. Marigayin mai sayar da tayoyi ne, ya daɗe yana kawo masa aiki.

Ya yi ƙofar waje, ya yi ta falo, ya bi ɗakunan ciki. Saura wani ɗaki a bayan gida kusa da famfo, an jera masa gwangwanaye masu shuka a bakin ƙofa. Wata tsohuwa na zaune a kan gadon da aka cire wa katifa. An riga an ɗaure kayanta a zannuwan gado an tara a tsakar ɗaki.

"Gwaggo, ga mai aikin ya zo," in ji magidancin. Bai shiga ba.

Ta gane Mai Makulli kafin ya gane ta. Ta kwance ƙulli a gefen mayafinta ta fito da makulli.

"Kai ka yanka wannan. Ƙanena, marigayi mai gidan nan, ya kai ni har shagonka. Ya ce ɗakin nan nawa ne, sai ranar da aka fitar da ni a kwance."

Ya karɓa ya juya shi. Aikinsa ne. Ya gane yadda yake goge kaifin haƙoran don kar su yaga aljihu. Makullin ya sha hannu har ya yi santsi.

"Gwaggo, ba wanda ya ce ƙarya kike," magidancin ya faɗa daga waje, muryarsa a gajiye. "Amma muna da yawa, kowa na jiran nasa, an riga an sayar da gidan. Ba korar ki aka yi ba. An samar miki wuri, ya ma fi nan iska."

Mai Makulli ya yi ta neman mugunta a fuskar mutumin. Da ya samu, da hankalinsa ya kwanta, ya ce nasa 'ya'yan ba haka suke ba. Bai samu ba. Mutum ne mai kunya, idonsa a ƙasa, yana ta murza makullin motarsa. Shi ne ma ya sunkuya ya ɗauki ƙullin da ya fi nauyi.

Mai Makulli ya durƙusa ya kwance kubar. Tsohuwar ba ta hana shi ba. Ta matsar da ƙafa don ya samu wuri, har ta tambaye shi 'yarsa mai hagun nan, ko tana nan lafiya. Da ya gama sai ya miƙa mata tsohon makullin, don bai san abin da zai yi da shi ba. Ta mayar da shi gefen mayafi ta ƙulle.

Bai bari an mayar da shi a mota ba. Da ƙafa ya koma, jaka na dukan ƙugunsa. A duk garin ba wanda ya kai shi sanin cewa makulli ba hujja ba ne. Kowa ya kawo masa ɗaya yana iya fita da tuli. Da wannan ya ci abinci, da shi ya gina gida, sannan shi ne ya ɗauki makulli ya ba 'yarsa ya ce ya gama.

Ya tarar da ita sunkuye a kan inji. Ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya jira ƙarar ta tsaya.

"Hagu, in na mutu me za ki yi?"

"In yi kuka, in huta, in zo in buɗe shago."

"In aka ce an sayar da gidan fa?"

Ta ɗaga makullin da ta yanka ta haɗa shi da na asali tana dubawa. "Wa zai sayar? Ƙannena ne, Baba. Ni na goya su."

Ita ma ta san zancen, ta daɗe da saninsa. Ta san ko allura ba ta da ita a gadon gidan nan. Akwai lokutan da take kallon wasu rumfuna a hanyarta ta komawa gida, tana auna ko benci zai shiga, sannan ta kawar da kai. Amma ta gwammace ta rasa shagon da ta buɗe baki ta ce a rubuta, don in ta ce haka ita ce ta fara faɗin kalmar. Su biyun abu ɗaya suke gadi, kowa na ganin don ɗayan yake yi.

Da Direba ya dawo daga tafiya ya zo gaisuwa da ledar lemo, tsohon ya zaunar da shi a falo. Yana ɓare lemo yana magana, bai dube shi ba.

"In ba na nan, yaya za ku yi da gidan nan?"

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Irin ta tsofaffi. Amsa ni."

Direba ya sosa ƙeya. "To, ni da Auta kowa na da inda yake zaune. Gidan kuma bakin titi ne, zai yi daraja. Ina ga sai dai a sayar a raba."

"Yayarku fa?"

"Wa zai taɓa Yaya? Ai sai inda ƙarfina ya ƙare. Mu samar mata wani wurin, wanda ya fi wannan akurkin."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana murmushi, yana jin ya yi abin yabo. Tsohon ya miƙa masa rabin lemon, ya ce Allah ya yi albarka. Da Direba ya fita, tsohon ya leƙa wurin Mai Aski ya ce ya nemo masa malamin da ya rubuta masa tasa.

"Ka shirya kiran mutuwar ke nan?"

"In ta zo zan nuna mata shagonka."

Ranar da ba aiki aka haɗu a falo. Ga Direba, ga Auta, ga Bahaguwa a gefe kusa da ƙofa, don an ce mata kawai ta zo. Mai Aski da mai kantin tsallaken titi su ne shaidu. Malamin mutum ne mai sanyin magana, ya saba da rabon gado. Ya ɗora takarda a kan ƙaramin tebur ya cire marfin biro.

"Me za a rubuta, Baba?"

"Shagon nan na gaba, da abin da ke cikinsa. Bayan raina na wannan ne." Ya nuna ta da haɓa.

"Mece ce ita a wurinka?"

"'Yata ce."

Malamin ya mayar da marfin biro. "In 'yarka ce, ba ni da aiki a nan. Ba a yi wa magaji wasiyya, rabonta na nan yana jiranta."

Malamin ya san amsar, Mai Aski ya gaya masa tun a hanya. Amma ba zai rubuta abin da bai ji daga bakin mai shi ba. Mai Aski ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa. Auta ya buɗe baki zai taimaka, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ban haife ta ba," ya ce. "'Yar matata ce. Na same ta tana koyon tafiya."

Ya faɗa da irin muryar da yake ce wa mutum ya dawo gobe. Malamin ya sunkuya ya rubuta. Bahaguwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ta bar inji a kunne, ta fita. Ba a ko buɗe shago ba ranar.

Ba wanda ya bi ta. Malamin ya yi gyaran murya ya tambaya ko shagon ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da tsohon ya mallaka, don wasiyya ba ta wuce nan.

"Wannan ramin?" in ji Mai Aski. "Banɗakin gidan ya fi shi faɗi. Rubuta, Malam."

Da abin ya koma zancen bango da ƙofa, sai Mai Makulli ya dawo cikin hayyacinsa. Ya ce a rubuta ƙofar titi, da bangon da ke tsakanin shago da falo, da inji, da benci, da duk ɗanyun makullai. Ya ce a raba wayar lantarki tun yanzu. Ya ce ƙaramar ƙofar da ke shiga cikin gida daga shagon, a toshe ta da bulo bayan ransa, don kar wanda ya sayi gidan ya ce yana da hanya ta nan. Auta ya ce in an gama shi zai kai wa lauya ya buga hatimi, kowa kuma a ba shi tasa ya ajiye.

Direba kuwa yana zaune a gefe. Ya haɗa hannuwa a kan ciki yana kallon yatsun ƙafarsa. Sai da aka zo sa hannu ya ɗago.

"Baba, ka ɗauka zan cuce ta ne?"

"A'a. Na san za ka samar mata wuri mai kyau. Ita kuwa wannan take so."

Direba ya shafa gemu. Abin da ke cinsa ba shagon ba ne, ko kyauta aka ba shi bai san abin da zai yi da shi ba. Ƙaton mutum, da gemu mai furfura, da 'ya'ya a makaranta, sai ga shi ya ce, "Ni ba ka taɓa ce mini in zauna a bencin nan ba."

"Na zaunar da kai. Duk magagarin da ka taɓa sai ya karye. Ka yanka wa wata mata makulli ya karye a cikin kubarta, sai ta taga ta shiga ɗakinta."

"Ina yaro fa lokacin."

"Matar ta zo aski da ɗanta tana tsine wa layin nan kaf," in ji Mai Aski. "Har ni da ban san hawa ba."

Dariya ta ƙwace wa Direba, ya so ya riƙe ta bai iya ba.

"Kai hannunka na sitiyari ne," tsohon ya ce. "Ka ɗauki motar da ta fi gidan nan tsawo ka juya ta a lungu. Ni ko keke ban iya ba. In ka wuce da ita ta layin nan, nakan fito in ce wa mutane ɗana ne."

Bai taɓa gaya masa haka ba. Direba ya karɓi biro ya sa hannu cewa ya ji ya gani, ya daɗe yana zana sunansa.

Washegari Bahaguwa ta zo kamar kullum. Ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya wadda ba za ka ce ga abin da ya rage a cikinta ba, sannan ta juya masa baya ta kama aiki. Haka ta yi kwanaki. In ya ba da labari ba ta gyara masa inda ya ƙara gishiri, in ya kira ta Hagu sai ta ce "Na'am, Baba," kamar a ofis. Ya ƙyale ta. Ya san ba shi da bakin cewa komai.

Wata la'asar ya shigo da shayi kofi biyu, ya ajiye nata a gefen hagu. Ta kashe inji, amma ba ta juyo ba.

"Da ka bar shi, Baba. Ni ban roƙa ba."

"Na sani."

"A gaban Mai Aski. A gaban mai kanti, wanda bakinsa ba ya rufuwa."

"Dole wani ya faɗa, Hagu. Ko ni, ina zaune ina kallonki, ko wani a ranar da ba na nan, yana tsaye a bakin ƙofa da mai canza kuba a bayansa. Na ga gara ki ji daga wurina."

Ta ɗauki buroshi ta share bencin da ba shi da datti.

"Muryarka ko rawa ba ta yi ba."

"Na yi ta gwadawa a banɗaki. Mai Aski ya zaci waya nake yi."

Ta so ta ci gaba da fushi, amma kafaɗunta suka fara girgiza. Ta yi dariya har ta goge ido da bayan hannu, kuma ba dariyar kaɗai take gogewa ba. Ta juyo da kujerarta ta ɗauki kofin.

"Ka cika sukari," ta ce.

"Haka kike sha tun kina ƙarama."

"Tun ina ƙarama nake gaya maka ya yi yawa."

Mai Makulli yana nan har yanzu. Da safe shi ke fara fitowa ya share bakin ƙofa, ya kafa kujerarsa, ya amsa gaisuwar masu wucewa aiki. Direba na zuwa da ledarsa, kuma in ya wuce da babbar motar yakan danna hon sai karnukan layin sun tashi. Auta ya kawo takardar da hatiminta, kowa ya ajiye tasa, ba a sake ɗaga zancen ba. Mai Aski kuwa ya mayar da abin nasa, duk wanda ya zauna a kujerarsa da furfura a kai sai ya ji labarin yadda shi kaɗai ya lanƙwasa taurin kan Mai Makulli.

Sai wata safiya tsohon ya fito ya tarar da magini a cikin shago da guduma da kurfi, Bahaguwa ta kwashe tarkacen da ke rataye a bangon dama ta zuba a bokiti, ta zana murabba'i da alli a jikin bangon.

"Me ake yi a nan?"

"Taga, Baba. Na daɗe ina son taga a nan."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Da bangon wani ne."

"Yanzu ma ai sai bayan raina aka ce. Je ki duba takardar."

"Allah ya ja kwana. Amma tagar ba za ta jira ba. Matsa da kujerarka, ƙura za ta bi ka."

Ya tsaya yana kallon maginin, yana shirya maganar da zai faɗa kan bangon da ya gina da hannunsa. Mutumin ya ɗaga guduma ya dube shi, ya dube ta, bai san wa zai saurara ba. Mai Makulli ya ja kujerarsa zuwa ƙofar Mai Aski, ya zauna, ya gyara riga.

"Ka faɗaɗa ta kaɗan," ya ce wa maginin. "In za a yi, a yi mai kyau."